Hayaƙin Tattasai da Numfashin Rifkatu

Ina gaishe ku duka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, manya da yara, har da ƴan zumuntar mata, waɗanda na san tun kafin a fara karanta wannan sun riga sun toshe baki da mayafi.

Ni ne Ishaya Tela, mai keken ɗinki a bakin kasuwa. Fasto ne ya ce in rubuta shaidata a karanta, kada in tashi in faɗa da baki, wai in aka ba ni fili sai tuwon rana ya huce a gidajen mutane. Na ji haushi, amma ban musa ba. A lakwal, wato makarantar boko, aji biyu na yi aka koro ni, ɗan karatun da na iya a nan ikilisiya na koye shi da furfurata. In kun ga kalma ta karkace, ku miƙe ta da kanku.

Na san labarin ya riga ni isowa. Har yaran makarantar Lahadi atishawa suke yi in na wuce. Amma wurin dariyar kawai kuka ji. Ni zan gaya muku sauran.

Zan fara da bazarar bara. Kun tuna ta. Da azahar in ka taɓa kan keke sai ka janye hannu, ruwan randa kuwa kamar an sauke shi daga murhu. Ina da bargo guda mai kauri, tun zuwana Diffa daga Damagaram nake tare da shi. Wata rana na dube shi a rataye, na dubi bidona, wato jarkar ruwana, na ɗauki almakashi. Na yanka shi na ɗinka wa bido riga, irin wadda ake jiƙawa a rataye a inuwa don ruwa ya yi sanyi. Aiki ya yi kyau. Maƙwabta suka kawo nasu, na yi musu da ragowar.

Rifkatu matata ta zo ta tsaya a kaina.

Ta ce, "Malam, ɗari fa zai dawo."

Na ce, "A garin nan? Tsohuwa, ɗaga kai ki dubi sama. Wannan wutar ba mai mutuwa ba ce bana."

"Haka ka ce bara."

"Bara ai ban yanka bargo ba."

"Shi ya sa kake raye."

Halina ke nan tun ina yaro. In ana zafi sai in ɗauka ba a taɓa yin sanyi a duniya ba. In ciki ya cika sai in manta akwai gobe. Kuma duk abin da aka gaya mini ina da amsarsa a baki, tun mai maganar bai rufe nasa ba.

Bayan kaka, ƴarmu Hannatu ta haihu. Tana aure a wani ɗan ƙauyen masu lambu a kwarin Komadugu, tsakanin nan da Shetimari, inda mijinta Bulus yake noman tattasai. Rifkatu ta riga ni tafiya don ta kula da wankan jego. Waɗanda suka san ta sun san tana da fuka shekara da shekaru. Sanyi yana tayar mata da ita, hayaƙi ma haka. Tana da ɗan famfon nan da ake fesawa a baki in ƙirji ya toshe.

Ana gobe zan tashi ta kira ni a waya. Ta ce in nemi rigar sanyi in sa, in kuma biya kantin magani in sayo mata sabon famfo, don nata ya fara sauƙi a hannu.

Na ce, "Kwana nawa zan yi? In zo suna, in ci nama, in juyo. In na dawo sai in aiko miki da shi a mota."

Ta ce, "To."

Wannan "to" ɗin na san shi. Ban dai kula ba.

Na tashi da tsakar rana cikin ƴar kaftani mai shara-shara, ina gumi a mota ina yi wa masu ɗauke da barguna dariya a zuci. Daga gudro, wato titin kwalta, na taka rairayi, na ƙetare kwarin da ke gaban ƙauyen, ruwa iyakar idon sawu. Aka yi suna lafiya, na ci nama kamar yadda na yi alkawari.

Ga abin da har yau yake ba ni haushi game da kogin nan namu. Da damina, lokacin da kowa yake sa ran ruwa, sai ya yi kamar bai san da mu ba. Sai sama ta yi fes, ba ko gajimare, an fara shanya tattasai, sannan ruwan da aka yi can nesa a ƙasar wasu zai iso mana. Washegarin suna na fito da ƴar jakata, na tarar kwarin da na taka da ƙafa ya cika. Na ce bari in jira ya janye. Ya ƙaru. Ƙauye ya zama tsibiri, ni kuma a cikinsa da kaftani guda.

Sannan ɗari ya sauka.

Ban sani ba ko tsufa ne, amma ban taɓa jin irinsa ba. Iska tana tasowa daga kan ruwa ta ratsa zana kamar babu ita. Ruwan buta da safe cizo yake yi. Leɓe ya tsage, dunduniya ta tsage, awaki suna kwanciya cikin toka. Kuma da rana ta take sai ka ga kowa yana neman inuwa. Yini ɗaya, ka yi rawar ɗari da safe, ka yi gumi da azahar. Wane irin gari ne wannan?

Ni da na tufatar da rabin kasuwa, a cikin buhu na ƙare. Na samu tsofaffin buhunan tattasai, na zura ƙafa a ɗaya, na yafa ɗaya. Ina ciki ina atishawa. Ko wannan bai koya mini kome ba.

Mazan ƙauyen duka, har da Bulus, suna bakin jingar da ta tare ruwa daga gonaki, suna jera buhunan ƙasa tun safe har yamma. Kwalekwale guda ne a wurin, na Malam Bukar, wani Babarbare da ya tsallako daga wancan gefen kogi a shekarun tashin hankali ya zauna nan. Da shi ake jigilar ƙasar. Na je na same shi na ce ya ƙetarar da ni in koma gida.

Ya ce, "Baba Tela, in jinga ta tsaya."

"Yaushe za ta tsaya?"

"Ka tambayi ruwa."

Na koma cikin buhuna ina gunaguni.

Icce kuwa, kun san yadda yake yanzu. Ba mai nisa cikin daji, ga ruwa ya zagaye mu. Ɗan abin da ke gidan na dafa ruwan wankan mai jego ne, safe da yamma, Rifkatu kuma ta tsare shi kamar soja a shingen hanya. Na lallaɓa na ce ta ba ni ko guda in ɗan ji ɗumi.

Ta ce, "Kai ka haihu?"

Amma ina ganin abin da take yi. Bargonta ta ba Hannatu da jaririya, ita tana kwana da zane. Ta fara tari da safe. Na gan ta tana girgiza famfon nan kusa da kunne, ta fesa sau ɗaya maimakon biyu, ta ɓoye shi a haɓar zane. Ba ta ce mini kome ba game da sabon da ban kawo ba. Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Ranar da abin ya faru, gari ya waye ba ta iya tashi ta ɗora ruwan wanka ba. Tana zaune a bukka ta dunƙule, haƙoranta suna haɗuwa. Hannatu da kanta ta fito ta hura murhu. Na ce a raina, Ishaya, kai ne mijin matar nan, yi wani abu.

Bayan bukkoki akwai wani tuli inda ake share karan tattasai da ɓarɓashin da ya rage a wurin shanya. Ya bushe ƙamas. Na tsaya ina kallonsa ina cewa, mutanen ƙauyen nan ba su da wayo, ga makamashi tuli guda suna kukan rashin icce. Ban tambayi kowa me ya sa ba a taɓa shi ba. Ni ɗan birni ne, tattasai a miya na san shi.

Na cika kasko, na ɗebo garwashi a murhun Hannatu ba ta gani ba, na shiga bukka na ajiye a gaban Rifkatu. Na jawo tufaniya na rufe ƙofa. Har na toshe kafar ƙasa da buhu don kada ɗumi ya gudu.

Na ce, "Tsohuwa, miƙo ƙafa. Yau za ki san kin yi aure."

Ta buɗe baki za ta tambaye ni inda na samu icce. Ba ta ƙarasa ba.

Ƴan'uwa, wanda bai shaƙi hayaƙin tattasai a rufaffen ɗaki ba, kada Allah ya nuna masa. Kamar an zuba mini allurai a maƙogwaro. Idona ya rufe. Ina tari ina lalube, ƙofar da na toshe da hannuna na kasa gane inda take. Hannatu ce ta fizge tufaniyar daga waje, ta yi ƙwallo da kaskon. Na fito da rarrafe, hawaye da majina, matan maƙwabta sun taru suna tari suna dariya.

Hannatu ce ta fara lura. Dukanmu muna tari, amma daga cikin bukka ba a jin tarin kowa.

Aka jawo Rifkatu waje. Ta dafa ƙasa da hannu biyu, kafaɗunta suna hawa suna sauka, ƙirjinta yana wani siririn kuka kamar usur. Leɓenta ya canza launi. Hannatu ta kwance haɓar zanen, ta sa mata famfo a baki ta danna. Ta sake dannawa. Ba kome a ciki.

Ta juyo ta ce, "Baba, me ka sa a wutar?"

Na nuna mata tulin da ke bayan bukkoki.

Wata mata ta ruga bakin jinga ta kira Bulus. Muka tallabo Rifkatu zuwa bakin ruwa, inda kwalekwalen Malam Bukar yake cike da buhunan ƙasa. Wasu daga cikin mazan suka fara magana, suna cewa in jirgi ya tafi yanzu wa zai kawo ƙasa, ga ruwa yana lasar saman jinga. Ban ga laifinsu ba, abincinsu na shekara ne a bayan jingar nan. Malam Bukar ya miƙe a cikin jirginsa. Ya dubi Rifkatu, ya fara jefo buhunan waje.

Ya ce musu, "Ku ɗauka a ka kafin in dawo."

Ya cire tsohuwar kwat ɗinsa mai nauyi ya lulluɓa mata. Sannan ya dube ni sama da ƙasa.

"Baba Tela, kai ne mai turaren? Shiga. Ga ƙwarya, jirgin yana yoyo. Tunda hannunka ba ya iya zama, ba shi aiki."

Tafiyar da na yi da ƙafa ina waƙa, ranar ta zama kamar ba za ta ƙare ba. Iska tana tura mu gefe. Ruwa ya rufe gonaki, ƙayoyi sun leƙo sama, dole a yi ta zagaye. Ina kwarfe ruwa yana dawowa. Kaftanina ya jiƙe ya manne mini, yatsuna suka mutu har ƙwaryar ta suɓuce, Bulus ya cafe ta ya mayar mini. Rifkatu ba ta iya kwanciya, ba ta iya magana. Tana zaune ta sunkuya, kuma kowane numfashi sai na ji kamar shi ne na ƙarshe, sai wani ya biyo da ƙyar.

Da muka kai gaci Malam Bukar ya juya nan take, ya ce kwat ɗin ta riƙe. Na ɗaga kai na ga amalanken shanu a tsaye. Na ce alhamdu, Ubangiji ya shirya. Muka matsa kusa. Me ke cikinsa? Tattasai, buhu a kan buhu. Ƙaurinsa kawai ya bugi Rifkatu ta fara shaƙewa, muka ja da baya da sauri. Mai amalanken ya ce ko an sauke kayan, katakon kansa ya sha garin tattasai, ba zai ɗauki alhakinta ba. Gaskiya ya faɗa. Na zage shi duk da haka, Allah ya gafarta mini.

Saura rairayi tsakaninmu da gudro, mai nisa, irin wanda ƙafa take nutsewa.

Na ce ni zan goya matata. Na durƙusa, Bulus ya ɗora mini ita. Ban yi nisan da za a kira tafiya ba gwiwoyina suka ce ba da su ba. Muka zube tare.

Bulus ya zo ya tsuguna a gabanta ya juya baya. Ya ce, "Inna, ki yi haƙuri."

Ta ɗaga hannu. A'a.

Ku matasa ba lallai ku gane ba. Tun da yaron nan ya auri Hannatu, Rifkatu ba ta taɓa cin abinci a gabansa ba, ba ta taɓa kiran sunansa ba. In ya shigo ta nan, ita ta fita ta can. Haka aka rene ta. Yanzu a ce ta hau bayan surukinta, da rana tsaka, ga mai amalanke yana kallo?

Na daka mata tsawa. Na ce kunya ce za ta shaƙa ko iska? Na ce in ta mutu a rairayin nan wa zai yaba mata? Ta girgiza kai kawai, hannun nan yana sama, ƙirjin yana kuka. Bulus yana tsugune bai motsa ba.

Ban taɓa jin haushi irin na lokacin ba. Haushin kogi, haushin ɗari, haushin amalanke, haushin taurin kan matar nan. Da na duba da kyau kuma, duk inda na bi da haushin sai ya dawo kan wani tsohon banza mai jiƙaƙƙen kaftani.

Tunda gwiwoyina sun riga sun kai ƙasa, sai na bar su a nan. Ku da kuke ji na a taron addu'a kun san na iya jero kalmomi masu daɗi. Ranar ba su zo ba. Da ƙarfi na yi ta, kamar mai rigima a kasuwa.

Na ce, "Ubangiji Yesu, Ishaya ne. Ka san ni, ba sai na yi maka dogon bayani ba. Ni na hura wutar. Ni na ƙi sayo maganin. Ita ba abin da ta yi sai ba da bargonta. In horo ne ga ƙirjina, ya fi nata faɗi. Na kasa ɗaukarta, ka gani da idonka. Na kasa sa ta ta ji maganata, dama ban taɓa iyawa ba. Kai ka yi mata magana. Ban san yadda ake zama a gidan nan ba tare da ita ba, kuma na tsufa da koyo. Kada ka karɓe ta yau. Ina roƙonka."

Ba zan yi muku ƙarya a gidan Allah ba. Ban ji murya ba, ban ga haske ba. Iskar ma ba ta tsaya ba. Bulus ne kawai na ji ya ce amin.

Da na buɗe ido Rifkatu tana kallona. Tun da muka yi aure ba ta taɓa jin irin wannan magana daga bakina ba, ko a ɗaka, balle a gaban suruki. Ta daɗe tana kallona. Sai hannun nan da ke sama ya sauko. Ta jawo mayafinta ya rufe mata ido, ta miƙa hannu biyu ta kama kafaɗun Bulus.

Na cire ɗankwalin da ta ɗaure ƙugu da shi na ɗaure su tam, wannan kam aikina ne, na iya. Yaron nan ya miƙe ya shiga rairayi. Can ba a rasa ba sai ya ce, "Sannu, Inna." Ni ina biye ina haki da takalmanta a hannu.

To, na ɗauka tunda an yi addu'a an kuma amsa, za mu tarar da mota tana jiranmu a gudro, mai kujera mai laushi. Ina.

Motoci suna zuwa daga wajen Shetimari, a cike maƙil. Na tsaya a tsakiyar hanya ina ɗaga hannu, suna kauce mini. Waɗanda ke da wuri ma ba su tsaya ba. Kun san dalili, a shekarun nan ba kowa ne zai taka burki don mutum uku sun fito daga daji ba. Yau na fahimce su. Ranar kam, abin da na bi su da shi ba na rubutawa ba ne.

Can gefe akwai wata tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya, ta wani Alhaji ɗan kasuwa, Badamagare irina. Tun safe sanyi ya kama injinta ta ƙi tashi, sun yi ta murzawa har batir ya mutu. Direban ya tura kaskon gawayi ƙarƙashin injin wai ya ji ɗumi. Da na ga kaskon nan sai da na ja da baya.

Alhajin ya leƙo ya ga Rifkatu. Bai tambaye mu daga ina ba. Ya sauko daga gidan gaba ya ce a sa ta a wurinsa.

Direban ya janye kaskon ya ce, "In kuna so ku tafi, ku tura."

Muka tura, ni da Bulus da Alhaji, ya naɗe babbar rigarsa a kafaɗa. Mota ta yi gurnani ta mutu. Muka sake. Ta mutu. Alhaji yana ta ambaton Allah, ni kuma ina cewa ta cikin haƙora, Ubangiji, har da wannan? Ba ka ga shekaruna ba?

Alhaji ya ce, "Tsoho, turawa kake yi ko jingina?"

Na ce, "Alhaji, da ka sayi batir da ba mu san juna ba."

Ya ce, "Ajiye numfashinka, ka tura."

Muka kai ta inda hanya ta ɗan gangara. Ta yi tari, ta yi tari, ta kama da wata irin ƙara, ta fizge daga hannunmu. Ni da na ba da dukan nauyina sai ga ni rub da ciki a kan gudro. Direban ya ce ba zai tsaya sosai ba kada ta sake mutuwa, saboda haka da gudu na bi ta, Bulus ya kamo wuyan kaftanina ya jawo ni ciki kamar akuyar kasuwa. Tun da ɗarin nan ya fara, ranar ce na fara yin gumi kafin azahar.

A likita, wato asibitin Diffa, suka karɓe ta da sauri. Suka sa mata robar iska a hanci da baki, suka yi mata allura. Manjo, babban ma'aikacin jinya, ya tambayi abin da ya faru. Bulus ya dubi ƙasa ya ce hayaƙi ne. Na ce a'a, ba hayaƙi kawai ba, na gaya masa irin hayaƙin da wanda ya hura shi. Ya cire tabarau ya dube ni, ya mayar, ya ce in fita waje in jira.

Na zauna a dakali. Azahar ta yi, rana ta buɗe da dukan ƙarfinta, kaftanina ya bushe a jikina har na fara matsawa ina bin inuwar bango. Na ɗaga kai na ce wa ranar, ina kike da safe? Ba wanda ya fito ya gaya mini kome. Duk wanda ya buɗe ƙofar sai in miƙe, ya wuce ni.

Da la'asar wata ma'aikaciya ta leƙo ta ce wane ne mijin tsohuwar nan. Na shiga. Rifkatu tana jingine da matashi, an cire mata robar.

Ta ce, "Malam."

Na ce, "Na'am."

Ta ce, "Kai dai a duniyar nan, mutum da furfura har a hanci, ka rasa abin da za ka ƙona sai abin da ko akuya ba ta kusanta, ka toshe ƙofa, ka sa ni a bakin matan ƙauye, ka sa ɗan mutane ya goya ni kamar jaririya a gaban mai amalanke, ka tsaya a daji kana gaya wa duniya abin da ba ka taɓa gaya mini a ɗaka ba, ga mai jego an baro ta ba mai dafa mata ruwa, sannan ka zo ka tsaya mini a ka kana washe baki kamar an yi maka kyauta."

Ba ta tsaya ta ja numfashi ba. Tun daga farko har ƙarshe, a tafi ɗaya. Ni abin da nake saurare ke nan.

Matar da ke gadon kusa ta ce, "Baba, ba ka jin abin da take faɗa maka?"

Na ce, "Ina ji. Bar ta ta ƙarasa."

Haleluya!

Ba zan ce muku kome ya tafi daidai ba. Bayan ƴan kwanaki jingar nan ta fashe ta gefe guda, ruwa ya ci rabin tattasan Bulus da na wasu. Na tambayi Ubangiji dalili, yaron da ya yi wannan aiki. Har yau ban samu amsa ba, kuma har yau ina tambaya. Ku sa shi a addu'a, shi da mutanen kwarin duka. Ku sa Malam Bukar da Alhajin nan. Ba a nan suke sujada ba, amma su Ubangiji ya aiko, bai kuwa nemi shawarata ba.

Abin da zan roƙe ku, ƴan'uwana, kada ku jira sai kun iya tsara addu'a, kada kuma ku ce tunda ni na jawo wa kaina ba ni da bakin roƙo. Ni na hura wutar da hannuna, na je wurinsa da haushi da zagi a bakina, bai kore ni ba. Ku dogara gare shi. Ko mota ya ba ku ta turawa, ku tura.

Na gode wa Yesu da ya bar mini matata. Tana nan zaune a layin mata, na san kuma tana harara ta. In an tayar da waƙa bayan wannan, ku kasa kunne wajen hagu. Muryar da ta fi ta kowa tsawo, tata ce.

Ɗaukaka ga sunansa. Amin.